Yadda Ake Kallon Tsuntsaye Baƙin Kaka a Jega, Aliero da Maiyama

Daga tsakiyar Satumba zuwa Nuwamba, tsuntsaye kan yi musayar masauki a ƙasarmu. Shamuwa, wadda ta yi damina tare da mu, takan haɗa ayari ta nufi kudancin Afirka. A daidai lokacin ne baƙi daga Turai suke sauka, bayan sun ƙetare Sahara. Wasunsu nauyinsu bai wuce giram 10 ba. Ba sai ka shiga daji za ka gan su ba, suna nan cikin gari.

Fara da zaɓen lokaci. Ka fita da an sallame sallar asuba, ka dawo da hantsi. In safiya ta kuɓuce maka, la'asar sakaliya ma ta yi.

Sai zaɓen wuri, kuma a nan ne akasarin masu farawa suke yin asarar safiyarsu. Sukan zauna ƙarƙashin dogon yaro saboda inuwa, su tashi ba su ga komai ba sai kurciya. Dogon yaro ba ya tara ƙwari sosai, baƙin nan kuwa ƙwari suke nema. Ka nemi gawo. Gawo yana kaɗe ganye da damina, ya yi sabon toho da fure idan ruwa ya ɗauke, wato daidai isowar baƙin, sai ya cika da tsutsotsi. Bayan shi sai bagaruwa da aduwa. Gawo ɗaya a bayan makarantar firamare ko gefen filin idi ya fi dogon yaro ashirin a bakin titi.

A Jega, ka gangara bakin Gulbin Zamfara da fadamun shinkafa. Can za ka ga tsattsewa suna shawagi ƙasa-ƙasa, da masu dogayen ƙafa suna caccakar laka, ga zalɓe da kirinjijiya 'yan gida. A Aliero, ka bi gonakin albasa da aka ba ruwa. Harabar jami'ar kimiyya da fasaha ma tana da fili, amma ka nemi izini a ƙofa. A Maiyama, ka duba tabkunan da damina ta bari, inda shanu ke shan ruwa. Ka sa ido a ƙafafun shanun: ban da balbela, akwai wani ɗan siriri mai rawayan ciki, yana tafiya yana kaɗa jela sama da ƙasa, yana cafkar ƙudajen da kofato ya tayar. Wannan daga Turai ya zo.

Kayan aiki kaɗan ne: littafi, biro, ruwan sha, da tufafi masu launin ƙasa. Farar riga tana korar tsuntsu. In da hali, ka sami madubin hangen nesa mai lamba 8x42. Kafin ka ɗaga shi a gonar wani, ka yi sallama, ka gaisa, ka faɗi abin da ya kawo ka, don a wannan zamani baƙo mai leƙe-leƙe yana tayar da hankali. Ku tafi ku biyu.

Da ka isa, ka ba rana baya, ka tsaya cik na minti goma. Ganye zai motsa kafin ka ga mai motsa shi. In ya bayyana, kada ka yi saurin neman sunansa. Ka fara da girma: ya kai gwara, ko kurciya, ko hankaka? Sannan baki, siriri ne ko kakkaura? Sannan ƙafa, jela, da kuka. Ka rubuta nan take tare da kwanan wata da wuri. Sunan Hausa ka tambayi makiyaya da masunta, sun fi kowa sani. Manhajar Merlin a waya tana taimakawa, kuma ta BirdLasser kana iya aika abin da ka gani ga shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda cibiyar A.P. Leventis ta Jos ke jagoranta.

Idan ka tsinci mataccen tsuntsu da zobe a ƙafa, kada ka yar. Ka kwafe lamba da adireshin da ke jiki ka sanar da cibiyar, domin da su ake gano inda ya fito.

Asabar ta biyu a Oktoba ita ce Ranar Tsuntsaye Masu Ƙaura ta Duniya. Ka ɗauki yaran gidanku ku fita tare, amma su bar danƙo a gida.