Kafin Ki Warware Saƙarki, Tsaya Ki Duba

Duk wadda ta taɓa leƙowa ɗakinmu a hostel ta san ba a raba ni da ulu da tsinken saƙa. Da wannan 'yar sana'ar nake sayen takardun karatu, da ita kuma nake tara kuɗin buga aikin bincikena na kammala difloma. Shi ya sa kuskure a saƙa ba wasa ba ne a wurina.

A hunturun da ya wuce wata mata ta ba ni aikin kayan sanyin jariri: suwaita da hula da safa, tana so kafin ranar suna. Na karɓi rabin kuɗi, har na kashe. Wani dare aka ɗauke wuta, na ci gaba da saƙa da fitilar waya. Gari na wayewa sai ga wata ɓaraka mai kama da tsani a bayan suwaitar, ido ɗaya ya zame ya gangara layi goma sha biyu. Raina ya ɓaci, na zare tsinken na warware aikin kwana uku gaba ɗaya. Da na kira Goggona, wadda ta koya mini saƙa, sai ta ce, "Ke 'yar nan, gyaran minti biyar ne fa kika yi wa wannan aika-aikar? Ba ki da kwarashi ne?" Wallahi ji na yi kamar in yi kuka.

Tun daga ranar na gane cewa kowane kuskure da irin maganinsa, kuma warwara ita ce ta ƙarshe. Ga abin da na koya. Zan yi magana da "ke", amma maza masu saƙa ku ma ku ɗauka.

1. Idon da ya zame

Da kin gan shi, ki fara soka masa fil don kada ya ƙara gangarawa. Juyo da fuskar saƙar, wato ɓangaren da idanu ke jere kamar harafin V, ta kalle ki. Zura kwarashi cikin idon daga gaba, ki kamo zaren da ke kwance a samansa, na ƙasa duka a cikin tsanin, ki jawo shi ta cikin idon. Haka za ki bi matakalar ɗaya bayan ɗaya har ki iso sama, ki mayar da idon kan tsinke. Kada ki tsallake ko zare ɗaya, kuma kada ki sauya jerinsu.

2. Kuskuren da ke kusa

Idan a layin da kike kai ne, ko na ƙasansa, kada ki zare tsinke. Koma baya ido-ido: soka tsinken hagu a cikin idon da ke ƙarƙashin na farko a tsinken dama, ki sauke na saman, ki ja zaren. Yana da ɗan cin rai, amma ba ya ɓata komai.

3. Idanu sun ƙaru

Kin fara da ido 60, yanzu kin ƙirga 63, saƙa tana ta faɗi. Yawanci abu biyu ne ke jawo haka. Ko dai a farkon layi kin ja zaren ta saman tsinke har idon farko ya zama kamar biyu, ko kuwa zaren ya hau tsinke a tsakiyar layi kin saƙe shi, ya bar 'yar huda. Idan ido ɗaya ne kuma a gefe yake, haɗa biyu ki saƙe su tare, ɗinki zai ɓoye wurin. Idan huda ce a tsakiyar ƙirji, sai an koma.

4. Idan warwara ta zama dole

Ki zare tsinke, ki warware a hankali, ki tsaya saura layi ɗaya ki kai inda kike so. Wannan layin na ƙarshe ki kwance shi ido-ido kina ɗora kowanne a kan tsinken da ya fi naki siranta, ya fi saurin shiga. Ki lura ƙafar dama ta kowane ido ta kasance a gaban tsinke, in ba haka ba zai murɗe. Ulun da aka warware yakan nannaɗe kamar taliyar yara. Naɗe shi a bayan kujera, ki ɗaure wuri huɗu, ki jiƙa a ruwan sanyi, ki shanya a inuwa. Kada ki ɗora masa dutsen guga: yawancin ulun da muke samu a kasuwa na roba ne, zafi yana narkar da shi.

Akwai wata dabara da ta cece ni sau da yawa. Bayan kowane layi goma ko ashirin, ki sa siririn zare mai wani launi daban a allura, ki bi da shi ta cikin duk idanun da ke kan tsinke, ki bar shi a wurin. Ko kin warware, a nan zai tsaya, idanunki kuma suna nan a jere.

5. Kuskuren da ake yi tun kafin a fara

Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Kafin ki fara riga, saƙa ɗan gwaji wanda ya ɗan wuce santimita 10 a kowane gefe, ki auna da tef. Misali, tsarin da kike bi ya ce ido 22 ne a santimita 10, ke kuma hannunki ya ba da 20. Ido 110 da ya kamata su ba ki santimita 50 za su ba ki 55. Maganinsa ki koma tsinke mafi siranta, kamar daga milimita 4 zuwa 3.5, ki sake gwadawa. Haka kuma ki sayi ulun da zai ishe ki lokaci guda. Rini yakan bambanta ko da launin ɗaya ne, shi ya sa wasu kamfanoni ke buga lambar rinin a jikin takardar. Idan ya yanke miki, ki riƙa yin layi biyu da tsohon, biyu da sabon, bambancin ba zai fito sosai ba.

6. Wanne za a gyara, wanne za a bari?

Tambaya uku nake yi wa kaina. Zai warware in an wanke? Zai sauya girman kayan? Mai kaya za ta gan shi da ta ɗaga? In amsar ɗaya ta zama e, ina gyarawa ko da zan kwana a kai. In kuwa ido ɗaya ne ya murɗe a ƙarƙashin hammata, ina barinsa.

Waccan suwaitar dai ba ta kammalu kafin suna ba. Ana saura kwana biyu na je na sami matar na faɗa mata gaskiya, na kai mata hula da safa, na ce ta zaɓa: ko in mayar mata da kuɗin suwaitar, ko ta ƙara mini kwana huɗu. Ba ta ji daɗi ba, na gani a fuskarta, amma ta ce in ƙarasa. Da na yi shiru har ranar sunan, da ba ta sake ba ni aiki ba. Yanzu na yi mata saƙa har sau biyu bayan wannan.

Abin da nake yi kullum shi ne ƙirga idanu a ƙarshen kowane layi biyu, in shimfiɗa saƙar a cinya in duba gaba da baya. Ba na saƙa a duhu, ba na kuma warwara cikin fushi. In raina ya ɓaci nakan ajiye sai da safe. Kwarashi da fil guda biyu kuwa ba sa barin jakata. Allah Ya sa wa sana'o'inmu albarka, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.