Amsar Tambaya: Me Za a Yi wa Kaka Bayan Rasuwarta?

Wata baiwar Allah daga Funtuwa ta aiko da tambaya. Kakarsu ta rasu bayan doguwar rayuwa, ta bar 'ya'ya da jikoki har da tattaɓa-kunne. An tashi daga zaman makoki, yanzu dangi na ja-in-ja: wasu na son a buga kalanda mai hotonta, wasu sun ce a yanka sa.

Kalanda dai shekara guda take yi a bango, daga nan sai ƙunshin ƙosai. Ruwa ya fi. Da mahaifiyar Sa'adu ɗan Ubada ta rasu, ya tambayi Annabi (SAW) sadakar da ta fi falala, aka nuna masa shayar da ruwa, sai ya haƙa rijiya dominta, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito. In kuɗin burtsatse ya gagara, gyaran famfon unguwa da ya mutu ma aiki ne. Amma tukuna a biya bashin da ke kan kakar, har zubin adashi, kuma kada a yanke gaida ƙawayenta.

Sai a adana labarinta. Baba mutuniyar Karo ta zauna da Mary Smith a 1949 da 1950 tana ba ta tarihin rayuwarta. Baba ta rasu a 1951, tarihin ya fito a littafi a 1954, har gobe ana karanta shi. Jikokin kakar nan kowa da wayarsa. Su je wurin ƙannen marigayiyar da abokiyar zamanta tun suna raye, su naɗi muryarsu: a ina aka haife ta, wace sana'a ta yi, 'ya'yan wa ta riƙa.