KALMAR AMIN: MA'ANARTA, ASALINTA DA HUKUNCINTA

Yabo da godiya su tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan karo a kan kalmar "amin" yake, wadda muke faɗa kullum a salla da wajen salla, amma kaɗan daga cikinmu suka san abin da take ɗauke da shi.

Ma'anarta

Malaman lugga sun ce ma'anar amin ita ce "Ya Allah, karɓa". Ita kanta addu'a ce. Malamai sun haɗu a kan cewa ba aya ba ce daga Fatiha, don haka ba a rubuta ta a cikin Alƙur'ani. Ana karanta ta da jan alifin farko, ko kuwa ba tare da ja ba, duka biyun sun inganta. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne sanya wa mimun shadda, a ce "ammin", domin ma'anar sai ta koma "masu nufin wani wuri", kamar yadda ta zo a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Asalinta

Kalmar ta daɗe ƙwarai. Tana cikin Ibrananci, harshen Bani Isra'ila, da ma'anar "haka ne, ya tabbata". Daga nan ta shiga Girkanci da Latin ba a fassara ta ba, har ta kai ga Faransanci da Turanci. Masu nazarin harsuna suna danganta ta da haruffa uku, alif, mimun da nun, waɗanda Larabci da Ibrananci suka yi tarayya a cikinsu, masu nuni ga tabbata da rashin tsoro. Daga wannan tushe Hausa ta sami imani, amana, mumini, aminci da sunayen Aminu da Amina. Masu cewa ta fito ne daga sunan Amun, gunkin Misira ta dā, ba su da hujja. Kamannin sauti ne kawai.

Musulunci ne ya kawo ta ƙasarmu. A nan Kore Mairuwa, bisa hanyar Dosso zuwa Dogondutsi, idan aka yi addu'a a wurin suna ko ɗaurin aure, Ba'are da Bazabarme da Bafillace da Buzu kowa zai amsa da amin ba tare da tafinta ba. Kiristoci ma da ita suke rufe addu'arsu.

Falalarta

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (S.A.W.) ya umurci mamu su ce amin tare da liman, ya kuma yi bushara da gafarar zunuban da suka gabata ga wanda amin ɗinsa ta dace da ta mala'iku. Haka nan a Suratu Yunus, aya ta 88 da ta 89, Annabi Musa ne ya yi addu'a, amma Allah ya jingina ta ga mutum biyu. Masu tafsiri suka ce Annabi Haruna yana amsawa da amin ne. Ashe ke nan mai cewa amin abokin tarayya ne a cikin addu'ar, sai ya saurari abin da ake roƙo kafin ya amsa. Bai dace Musulmi ya ce amin ga tsinuwa ko mugun baki a kan ɗan'uwansa ba.

A ɓoye ko a bayyane?

A nan ne gardama takan tashi a masallatanmu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya karantar da cewa mamu da mai salla shi kaɗai su faɗe ta a ɓoye, liman kuma ya faɗe ta a sallar ɓoye. Game da sallar bayyane kuwa, shi kansa mai littafin ya ambaci cewa akwai saɓani. Hanafawa ma ɓoyewa suke yi. Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad sun zaɓi bayyanawa, suna kafa hujja da hadisin Wa'ilu ɗan Hujru da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito.

Mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa faɗin amin ba farilla ba ne, kuma sallar wanda ya ɓoye da ta wanda ya bayyana duka ingantattu ne. Raba sahu kuwa, da ƙin bin liman, da ƙaurace wa maƙwabci saboda wannan mas'ala, laifi ne babba. Wanda ya shiga masallacin da ake ɓoyewa kada ya ɗaga murya don tsokana, wanda ya ji an bayyana kuma kada ya kira masu yi 'yan bidi'a.

Allah ne mafi sani. Allah ya haɗa kanmu a kan gaskiya, ya sa amin ɗinmu ta dace da ta mala'iku. Amin summa amin.