Ba Kowace "Question" Ce Tambaya Ba

A bara waccan wani tsohon ɗalibina ya sallamo mini gida bayan Magariba, riƙe da waya, bakinsa har kunne. Ya samu gurbin karatu a wata jami'a a ƙasar waje, ya rubuta musu yana roƙon a ƙara masa wata guda kafin ya biya kason farko na kuɗin makaranta. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Malam, ka gani, sun yarda. Sun ce ƙarin lokacin ba abin tambaya ba ne ma." Na duba saƙon. Abin da aka rubuta shi ne: "An extension is out of the question." Na ce masa ya zauna tukuna. Ma'anar wannan jimla ita ce ƙarin lokaci ba zai yiwu ba ko kusa, kada ma a sake tayar da maganar. Mako biyu ke nan da zuwan saƙon yana kwance da hankalinsa, ga shi saura kwana huɗu wa'adin ya cika. Sai da kawunsa ya kai bijiminsa kasuwa aka sayar da gaggawa, ba a kan farashin da ya kamata ba, sannan aka tsira da gurbin.

Shekara 19 ke nan ina koyar da Turanci a sakandare, kuma ina cikin masu duba takardun jarrabawar kammalawa. Yaron nan ba daƙiƙi ba ne, yana cikin na gaba-gaba a ajinsu. Abin da ya faru shi ne tun daga firamare an ce masa "question" tambaya ce, aka tsaya nan, shi ma ya tsaya nan.

Asalin kalmar daga Latin yake, daga wani aikatau mai ma'anar nema ko bincike. Ta shigo Turanci ta hannun Faransanci, a ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa suka ci Ingila da yaƙi har harshensu ya zama na fada da kotu. Danginta su ne "quest" da "request" da "inquire" da kuma "query", wadda duk ma'aikacin gwamnati ya san nauyinta idan ta sauka a teburinsa a matsayin takardar tuhuma. Ita kuwa "ask" 'yar gida ce, tun Turancin farko take nan. Wanda ya riƙe wannan tarihin zai gane dalilin da ya sa "question" ke ɗauke da ƙamshin kotu da bincike, "ask" kuwa take sakayau.

A nan yaranmu suka fi tuntuɓe. Ɗalibi zai ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Sir, I want to question you." A zuciyarsa izinin tambaya yake nema. Amma idan aka yi amfani da "question" a matsayin aikatau a kan mutum, titsiye ake nufi, irin wanda ɗan sanda ke yi wa wanda ake zargi ko lauya ke yi wa mai ba da shaida. Abin da ya dace ya ce shi ne, "I want to ask you a question." Idan kuma a kan wani abu aka ɗora aikatau ɗin, to shakka ce: "They questioned the result" na nufin ba su gamsu da sakamakon ba, suna ganin da lauje cikin naɗi. Daga nan aka samo "questionable", sifar abin da ba a natsu da shi ba. Na taɓa karanta insha'in wata yarinya tana yabon mahaifinta, ta rubuta cewa shi "questionable man" ne, tana nufin mutum ne da ake zuwa a tambaye shi shawara. Abin ya taɓa mini zuciya, domin yabo ta yi niyya, alƙalaminta ya rubuta suka.

A matsayin suna ma, kalmar tana da fuska fiye da ɗaya. Akwai inda take nufin batu ko matsala: "the question of land" batun ƙasa ne, babu wanda ya tambayi kowa komai. "The man in question" shi ne mutumin da ake magana a kansa. "It is a question of time" na nufin lokaci kawai ake jira. Idan ka ji shugaban Majalisar Dattawa a Abuja zai "put the question", miƙa batun zai yi ga sanatoci a yi ƙuri'ar murya, masu goyon baya su amsa, masu adawa su amsa. Akwai kuma inda take nufin shakka: "without question" da "beyond question" duk babu ko shakka ke nan. Ga wasu tagwaye da nake so kowa ya kula da su, domin ƙaramar kalma ɗaya ce ta raba su. "There is no question that he will be paid" na nufin tabbas za a biya shi. "There is no question of paying him" na nufin babu maganar biyansa sam. Wanda ke karanta takardar kwangila ko wasiƙar ofis, wannan bambancin na iya zama abincinsa na shekara.

Idan na kawo wannan a aji, nakan tuna wa yara cewa ita ma "tambaya" tamu ba a waje ɗaya take zaune ba. Idan aka ce magabatan wane sun je tambaya, kowa ya san neman aure ake nufi. Idan dattijo ya ce wane ya yi tambaya, ya san abin da yake nufi: mutum ne da ya bi malamai ya nemi laƙani. Baƙon da ya koyi Hausa daga ƙamus kaɗai zai ruɗe a nan kamar yadda ɗalibina ya ruɗe. Da zarar yara sun ji wannan sai ka ga sun saki jiki, sun gane cewa haka kowane harshe yake.

Kafin na wuce, furucin kalmar ma ya cancanci gyara. Da yawa muna cewa "kweshon". Daidai shi ne a furta "s" sannan a biyo ta da sautin "c" irin namu na ciki da cokali, wato kusa da "kwescin". Wannan abu ne mai sauƙi ga Bahaushe, tunda duk sautukan suna cikin bakinsa tun yana goye.

Sai kuma yadda ake gina tambayar kanta, wanda shi ne ya fi cin maki a jarrabawa. Mu a Hausa ba ma taɓa tsarin jimla a tambayar da amsarta e ko a'a ce. "Ka ci abinci" da "Ka ci abinci?" kalmomi ɗaya ne, murya ce kawai ta tashi, ko mu ƙara "shin" a gaba ko "kuwa" a baya. Turanci ba ya yarda da haka a rubutu. Dole mataimakin aikatau ya tsallako gaban mai aikin: "You have eaten" ta koma "Have you eaten?" Idan babu mataimaki a jimlar, sai a aro "do" ko "does" ko "did", shi kuma babban aikatau ya koma siffarsa ta asali. Shi ya sa "Did you went?" kuskure ne, "Did you go?" ake cewa. Wannan aron ba tun fil azal yake ba, a zamanin Shakespeare, shekara 400 da suka wuce, ana yin tambaya da shi ana yi ba shi, daga baya ya zama doka. To, bayan yaro ya sha wahala ya koyi juyawar, sai a zo tambayar da aka cusa cikin wata jimla, inda ba a juyawa kuma: "Can you tell me where the office is?" Haka nan "He asked me what my name was", wadda ko ayar tambaya ba ta ɗauka, domin labarin tambaya ce aka bayar.

'Yar wutsiyar nan da ake liƙa wa jimla, wadda ake kira "question tag", kusan ba ta ɓacewa daga takardun WAEC da NECO da JAMB. Mu muna da "ko?" da "ko ba haka ba?", suna shiga ko'ina ba sa canzawa. Wannan ne ya haifar da "isn't it?" da ake mannawa a bayan kowace magana. A Turancin jarrabawa wutsiyar tana bin jikin jimlar ne: idan jimlar tabbatarwa ce wutsiyar ta zama korewa, idan korewa ce ta zama tabbatarwa, kuma da mataimakin aikatau ɗin da ke cikinta. "She can cook, can't she?" "They didn't come, did they?" Masu fitar da jarrabawa sun fi son waɗanda suka bauɗe, irin su "I am late, aren't I?" da "Let's go, shall we?" da kuma jimlolin da korewarsu ke ɓoye cikin "hardly" ko "never" ko "nobody", kamar "He hardly sleeps, does he?"

Amma abin da ya sa na zauna yin wannan rubutu ya wuce maki. Tambayar korewa ce, da yadda ake amsa ta. Idan na ce maka, "Ba ka je ba?" kuma ba ka je ɗin ba, za ka ce, "E, ban je ba." Gaskata maganata ka yi. Bature ba ya duba maganar mai tambaya, aikin yake dubawa: idan an yi, "yes", idan ba a yi ba, "no", ko da yaya aka juya tambayar. Saboda haka amsar "Didn't you go?" ga wanda bai je ba ita ce, "No, I didn't." Wanda ya ce "yes" ya faɗa wa Bature cewa ya je.

Na ga haɗarin wannan da idona. Na raka ƙanena wani asibiti za a yi masa tiyata, an hana shi cin komai tun tsakar dare, kuma ya kiyaye. Da safe likitan da zai ba shi maganin barci, wanda baƙo ne daga wata ƙasa, ya duba fayil ya ce, "You haven't eaten anything, have you?" Ƙanena ya ɗaga kai ya ce, "Yes." Likitan ya ajiye biro, ya fara cewa sai dai a ɗaga aikin, domin ba a sa wa mai abinci a ciki maganin barci, yana iya amai ya shaƙe. Na yi sauri na ce masa cikin Hausa, "Auta, ka ci wani abu?" Ya ce, "Wallahi Yaya ko ruwa ban sha ba." Na mayar wa likitan da cikakkiyar jimla, sannan aka shiga da shi. A hanyar gida na yi ta tunanin akasin haka: mara lafiyar da ya ci abinci, aka ce masa "You haven't eaten?", ya ce "No" da nufin a'a, ba haka ba ne, na ci. Likita zai ji cewa bai ci ba, a wuce da shi ɗakin tiyata. Irin wannan tambaya ce lauyoyi ke jefa wa shaidu a kotu, ita ce jami'in biza ke yi, ita ce ake yi a intabiyun neman aiki.

Maganin abin ba shi da tsada. Kada a amsa tambayar korewa da kalma ɗaya. A ce "No, I haven't eaten" ko "Yes, I have eaten." Cikakkiyar jimla ba ta barin ƙofar ruɗani, ko da an yi kuskure a kalmar farko. Idan ba a gane tambayar ba, a ce a maimaita, matambayi ba ya ɓata. Ma'aikatan jinya da masu tafinta a kotu, ku ne kuke tsaye a tsakani, idan kun ji "yes" ko "no" tsurarta daga bakin Bahaushe bayan tambayar korewa, ku sake tambayarsa da Hausa kafin a rubuta.

Ban yarda da dokar nan ta wasu makarantu ba, wadda ke cin tarar yaro idan ya yi Hausa a aji. Yawancin kurakuran da na lissafa daga Hausa suka taso, domin yaron yana ɗora Turanci ne a kan ginin harshen da ya tashi da shi, kuma ba za a gyara su ba sai an ajiye harsunan biyu gefe da gefe a kan allo ya ga inda suka rabu. Ni nakan raba allo biyu, na rubuta "Ba ka zo ba? E, ban zo ba" a dama, na rubuta "Didn't you come? No, I didn't" a hagu, na ja layi daga "e" zuwa "no". Minti goma ya isa, kuma ban taɓa ganin ajin da bai kama ba.

'Yan'uwana malaman Turanci, ku gwada wannan a darasinku na gaba, ku ware mako guda a kowane zango don tambaya kaɗai: ma'anonin kalmar, gininta da amsarta. Iyaye kuma, duk wasiƙar makaranta ko ta ofis da kuka ga "question" a cikinta ba tare da ayar tambaya ba, ku kai wa wanda ya iya ya karanta muku ita a ranar da ta zo, kada ta kwana. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani.