TAYAR DA NAƘUDA DA MAGANI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE GIDA YA SANI

A asibitocin ƙasar nan akan ji an ce wance "an sa mata ruwan naƙuda". Abin da ake nufi shi ne, likita ya yi amfani da magani don ya tayar da naƙudar da ba ta zo da kanta ba, ko kuwa ya ƙarfafa wadda ta zo amma ta yi sanyi. Wannan aiki ya ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Amma maganin nan dai, in ya faɗa hannun wanda bai san shi ba, yana iya halaka uwa da ɗanta cikin 'yan sa'o'i. Saboda haka ya wajaba magidanta da matansu da ungozomomi su fahimci yadda yake aiki.

Dalilan da ke sa likita ya tayar da naƙuda

Likita ba ya tayar da naƙuda sai ya auna ya ga zaman ɗa a ciki ya fi fitowarsa haɗari. Haka yakan faru idan hawan jini ya tsananta har ana tsoron jijjiga, ko faya ta fashe naƙuda ba ta biyo baya ba, ko ɗa ya daina girma, ko ya mutu a ciki, ko kuwa ciki ya wuce lokacinsa.

Batun wuce lokaci yana bukatar bayani, domin a nan ne jama'a suka fi ruɗewa. A lissafin asibiti ciki mako 40 ne, wato kwana 280 daga ranar da jinin al'ada na ƙarshe ya fara. Mata da yawa kuwa da tsayuwar wata suke ƙidaya, kuma wata tara na sama bai wuce kwana 266 ba, wato mako 38. Ashe ke nan macen da ta shiga wata na goma ba ta makara ba, tana kan lokacinta ne. Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2011 ita ce a tayar da naƙuda idan an tabbata ciki ya kai mako 41. Idan aka yi kuskuren lissafi aka tayar da ita da wuri, sai a haifi bakwaini wanda huhunsa bai nuna ba. Wannan yana daga cikin amfanin fara zuwa awo tun ciki yana ƙarami, lokacin da hoton ciki ya fi faɗin kwanakinsa daidai.

Magungunan da yadda suke aiki

Maganin da ake zubawa a ruwan naƙuda sunansa oksitosin. Jikin mace da kansa yana yin irinsa, daga wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Wani masani na Ingila, Henry Dale, shi ya gano a 1906 cewa ruwan ƙullutun nan yana sa mahaifa ta murɗa, kuma a 1953 aka sami nasarar harhaɗa shi a ɗakin bincike a Amurka. Na biyu ƙwaya ce mai suna misoforostol, wadda asali don gyambon ciki aka yi ta, daga baya aka ga tana tausasa bakin mahaifa. Akwai kuma dabarun da ba na magani ba, kamar sa ɗan roba mai kumbura a bakin mahaifa, ko fasa faya da gangan.

Duk lokacin da mahaifa ta murɗa, jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya sukan matse, jinin da ke ɗauke da iskar da ɗa yake rayuwa da ita ya ragu. Sai ta saki sannan ɗan yake farfaɗowa. Wannan ɗan hutu da ke tsakanin murɗa da murɗa, shi ne numfashinsa. Idan magani ya yi yawa, murɗar ta haura sau biyar cikin minti goma, hutun ya tafi ke nan. Ɗa ya galabaita, ƙwaƙwalwarsa ta iya samun lahani na har abada, ko ya mutu.

Shi ya sa a asibiti ake ba da oksitosin ta ƙarin ruwa, ɗigo ɗigo, ma'aikaciya tana ƙidaya murɗa da hannunta a kan ciki, tana sauraron bugun zuciyar ɗa. Da ta ga abin ya so ya wuce kima sai ta rufe ruwan, ƙarfinsa ya ragu cikin 'yan mintoci. Allurar da aka tsira a cinya kuwa ba mai iya zare ta, haka ma ƙwayar da aka haɗiye. Ita ƙwayar misoforostol da aka saba gani tana ɗauke da ma'auni 200, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a bayar a lokaci guda don tayar da naƙuda 25 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin takwas.

Fashewar mahaifa

Mafi munin abin da ake tsoro shi ne mahaifa ta tsage. Magani yana ƙara ƙarfin turi ne kawai, ba ya faɗaɗa ƙugu, ba ya juya ɗan da ya kwanta a gicciye. Idan hanya a toshe take aka ƙara wa mahaifa ƙarfi, ita ce za ta yage, jini ya zuba a cikin ciki inda ido ba ya gani. A irin wannan hali ɗan ba safai yake rayuwa ba, uwar kuma sai an yi mata tiyata da ƙarin jini nan take, wani lokaci har a cire mahaifar ɗungum. Waɗanda suka fi fuskantar wannan su ne macen da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da wadda ta haihu sau biyar ko fiye. Ga mai tabon tiyata, shawarar 2011 ta ce kada a tayar mata da naƙuda da misoforostol. Lalle ne mace ta faɗa wa ma'aikata an taɓa yi mata aiki, ko da tana gudun a sake. Ɓoye wannan don tsoron wuƙa, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Ko a hannun gwani akwai abin da kan biyo baya. Ciwon naƙudar magani yakan fi na wadda ta zo da kanta zafi. Idan bakin mahaifa bai nuna ba, ana iya kwana ɗaya ko biyu ba a haihu ba, a ƙarshe a koma ga tiyata. Fasa faya yana iya sa cibiya ta riga ɗa fitowa, ko ƙwayoyin cuta su shiga. Mahaifar da ta daɗe tana shan magani kuma takan gaji ta kasa tsukewa bayan haihuwa, jini ya ɓalle.

Inda ruɗanin ya samo asali

Magungunan nan biyu su ne kuma ake ba mace bayan ɗa ya fito, don tsayar da jini. A 2006 Nijeriya ta yi wa misoforostol rajista saboda wannan aiki, kuma alheri ne babba ga matan karkara. Sai dai wasu masu kemis da masu yin allura gida gida sun ɗauka abin da ya halatta bayan haihuwa ya halatta kafinta. Ba haka ba ne ko kaɗan: mahaifar da babu ɗa a cikinta ana so ta tsuke iyakar ƙarfinta, mai ɗa kuwa tilas ta riƙa saki. Jiƙe-jiƙen gargajiya da ake sha don saurin haihuwa su ma wasunsu suna murɗa mahaifa, ga shi ba wanda ya san ma'auninsu.

Idan likita ya kawo shawarar tayar da naƙuda, haƙƙin mace ne da mijinta su tambayi dalili, su tambaya ko akwai mai lura da ita dare da rana, da ɗakin tiyata da jini a kusa. In babu, a nemi takardar zuwa babban asibiti. Idan kuwa an riga an ba ta wani abu a gida, sannan ciwo ya ƙi saki, ko ya ɗauke farat ɗaya tana gumi tana jiri, ko jini ya zubo, ko ɗa ya daina motsi, a garzaya da ita asibiti ba tare da jiran gari ya waye ba. A tafi da kwalbar ko fakitin abin da aka ba ta, a kuma faɗa wa likita sa'ar da ta sha shi.