Iska Na Wahalar Da Mai Kayan Kara: Yadda Ake Zaɓen Tantin Kan Mota

Na san abin da wasunku za su ce da ganin kan wannan rubutu: mu da muke fama da kuɗin fotokwafi da na garin kwaki, ina mu ina tantin kan mota? Gaskiyarku. Ni ma ko keke ban mallaka ba. Amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta, musamman 'yan safiyo, 'yan sashen ma'adinai, da masu karatun injiniya. Da yawanmu aikin daji ke jiranmu bayan ND ko HND, kuma wata rana oga zai iya miƙo maka waya ya ce, "Kai da ka yi boko, duba mana wanne za mu saya." Haka aka yi mini.

Lokacin SIWES ɗina an tura ni wani kamfanin safiyo, muka fita awon hanya a wani ƙauye tsakanin Bauchi da Jos, farkon damina. Motarmu Hilux ce, a kanta an ɗaura tanti mai naɗewa. Ni da abokin aikina muka ce mu a sama za mu kwana, don gudun kunama. Baba direba ya kalli gabas ya ce, "Yara, ku bari in juya motar nan, ku kuma naɗe rumfar gefe." Muka ce ai garau sama take, Baba. Wajen ƙarfe biyun dare iska ta taso. Motar ta dinga rangaji, tamfol yana bugawa kamar ana kiɗan ganga a kunnenmu, ƙarafan da ke tokare rufin ruwan suka fizge, rumfar gefe ta kife ta lanƙwasa sandarta. Da ƙyar muka laluba tsani muka sauko, muka ƙarasa daren a zaune cikin mota. Baba bai ce mana uffan ba, dariya kawai ya yi ya miƙo mana bargo.

Da muka koma ofis aka ɗora mini binciken tantin da za a saya a madadinsa. Abin da na koya shi ne zan raba da ku.

Mene ne tantin kan mota?

Ɗaki ne na tamfol mai katifa a ciki, wanda ake ɗaurewa a kan kariyar mota, a buɗe shi da dare a hau da tsani, da safe a rufe a kama hanya. Tun ƙarshen shekarun 1950 ake ƙera shi a Italiya, amma inda ya fi karɓuwa shi ne Afirka ta Kudu da Ostareliya, wajen masu doguwar tafiya a daji. Kamfanoni irin su Eezi-Awn da Alu-Cab na Afirka ta Kudu ne, ARB na Ostareliya, Autohome na Italiya. Amfaninsa a fili yake: ka yi nesa da maciji da kunama da laimar ƙasa. Sai dai nisan da ka yi da ƙasa shi ne kusancin da ka yi da iska. A ƙasa ciyawa da duwatsu da bishiyoyi suna rage mata gudu. Mita biyu a sama kuwa tana zuwa da ƙarfinta.

Lissafin da ya kamata ka riƙe

Wannan mun yi shi a aji, mun rubuta a jarrabawa, mun manta. Ƙarfin da iska ke tura abu da shi ana samunsa ne haka: rabin nauyin iska a kowace mita kubik, sau gudunta, sau gudunta kuma, sau faɗin fuskar da ta tarar, sau wata lamba da ke nuna siffar abin. Nauyin iska kusan kilo 1.2 ne a mita kubik ɗaya. Lambar siffa ga abu mai shafaffiyar fuska kamar bango, mu ɗauka 1.2.

To, a ce gefen tantinka murabba'in mita 2 ne. In iska na gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa, turin zai kai Newton 144, kamar nauyin kilo 15. In gudun ya ninka ya zama mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa, turin ya zama Newton 576, kusan kilo 59. Ka ga ya fi buhun siminti. Gudu ya ninka sau biyu, turi ya ninka sau huɗu. Kuma wannan buhun simintin ba ajiye shi aka yi a hankali ba, jifan tantin ake yi da shi, a ɗauke, a sake jefowa, har gari ya waye.

A cikin wannan lissafi, nauyin iska da gudunta ba a hannunka suke ba. Abu biyu ne naka: faɗin fuska da siffa. Duk zaɓen tanti a kansu ya tsaya.

Iri uku da za ka tarar

Na farko shi ne mai naɗewa, irin wanda ya ba mu wuya. Yana buɗewa kamar littafi, rabinsa a kan mota, rabi a waje tsani na tokare da shi. Ya fi araha, ya fi faɗin ciki. Amma duk jikinsa tamfol ne, yana da tsayi, ga rufin ruwa a sama wanda siraran ƙarafa ke riƙe da shi. Iska na shiga tsakanin rufin da tantin ta yi ta kaɗawa. Naɗe shi kuma yana cin lokaci, sai ka zagaya mota kana cusa tamfol kana jan zif, abin da ba ya yiwuwa cikin duhu da guguwa.

Na biyu shi ne mai akwati. Murfinsa na faiba ne ko alminiyam, yana ɗagawa sama gaba ɗaya, bango huɗu na tamfol su miƙe. Ya fi na farko natsuwa domin rufinsa ba ya kaɗawa, bangon kuma a ɗame yake. Sai dai ta ko'ina iska ta zo, bango za ta tarar.

Na uku ni na sa masa suna bakin kada. Murfinsa mai tauri ne, gefe ɗaya a maƙale, ɗaya gefen yana ɗagawa da ƙananan shokozoba irin masu riƙe murfin but. In ka juya ƙeyarsa ga iska, sai ta hau gangaren murfin ta wuce, har ma tana ƙara danne shi. Gefensa kuma kusurwa uku ne, wato rabin faɗin akwati mai tsawo da tsayi irin nasa. Rufe shi minti ɗaya ko biyu ne. In wurin aikinka mai iska ne, wannan nake ba da shawara. Aibinsa biyu: ya fi tsada, kuma wajen ƙafafu rufin ya yi ƙasa. Sannan in ka yi kuskure ka juya bakinsa ga iska, zai cika kamar buhu, turin ya koma ɗagawa sama.

Abin da za ka duba kafin a biya kuɗi

Fara da motar, kafin tantin. Kowace mota tana da iyakar nauyin da rufinta zai ɗauka tana tafiya, yana rubuce a littafinta. A motoci da yawa tsakanin kilo 50 ne zuwa 100. Nauyin tanti da na kariya in an haɗa kada su wuce wannan. In mota na tsaye tana ɗaukar fiye da haka sosai, shi ya sa mutum biyu ke kwana a sama lafiya. Kada mai sayarwa ya rikita ka da lambar tsayuwa alhali ta tafiya kake tambaya. Ka tuna kuma nauyi a sama yana sa mota saurin karkata a kwana.

Na biyu, kaurinsa in an rufe. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa ita ke haɗa wa kanta guguwa, ko da ganye ba ya motsi a gari. Da lissafinmu na ɗazu, kowane murabba'in mita na fuskantar sama da Newton 460 tun kafin a sa lambar siffa. Tanti siriri ya fi kauri sauƙin mai da sauƙin riƙe sitiyari in tirela ta gifta.

Na uku, maɗauri. Duk turin da muka lissafa a kan 'yan kusoshi da notina yake ƙarewa. Ka duba kaurin ƙarfen, ka tabbata notin mai roba ne a ciki wanda ba ya kwancewa da girgiza. Bayan tafiya a kan hanyar burji, ɗauki sifana ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na huɗu, tamfol. Masu ƙera shi suna rubuta nauyinsa da giram a murabba'in mita. Mai kauri, wanda aka haɗa auduga da roba, ya fi siririn leda natsuwa da ƙarancin ƙara. Ka sa a buɗe maka shi, ka tura bangon da tafin hannu. In ya yi laƙwas kamar zanin shanya, haka zai kwana yana yi maka tafi. Ka duba ɗinkin kusurwoyi, ka ja zif sau da yawa, domin ƙurar hunturu zif take fara kashewa. Ka tambaya ko rufin ruwan yana cirewa, ko akwai madaukan ɗaura igiya zuwa turke a ƙasa.

Na biyar, ka rufe shi da hannunka kana duba agogo. Tantin da ba za ka iya rufewa kai kaɗai cikin duhu ba, ba na wurin iska ba ne. Araha ba ta ado.

Sanin iskar wurin

Ko ka sayi mafi tsada, in ba ka iya ajiye mota ba, aikin banza ne. A ƙasarmu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Hadarin farkon damina kuwa galibi daga gabas yake tasowa, kuma iska mai ƙarfi ce ke riga ruwan isowa. Abin da Baba direba ya sani ke nan, mu da kalkuleta ba mu sani ba. Magina na gargajiya ma sun san bangon gabas ya fi shan dukan ruwa. Ka dubi bukkar makiyaya: gajeriya, mai zagaye, ba ta ba iska bangon da za ta tura.

Saboda haka ka juya mota yadda ƙeyar tanti ko mafi ƙanƙantar fuskarsa za ta kalli inda iska ke fitowa. Ka fake a bayan dutse ko gini in akwai. Kada ka kwana a ƙarƙashin bishiya, reshe na iya karyewa. Kada ka kwana a kan tsauni, kada kuma a cikin busasshen rafi, don ruwan da aka yi a nesa yana iya iske ka. Rumfar gefe a naɗe ta kafin barci, kullum. Ka duba hasashen NiMet kafin ka bar inda ake samun sabis.

In ba ka da na'urar awon iska, akwai ma'aunin Beaufort, wanda wani hafsan sojan ruwan Ingila ya tsara a 1805, daga baya aka daidaita shi da alamomin tudu. A mataki na 6, kilomita 39 zuwa 49 a awa, manyan rassa na kaɗawa, riƙe lema na wuya. A mataki na 7, kilomita 50 zuwa 61, bishiya gaba ɗaya na rangaji, tafiya gaba da iska na wuya. A mataki na 8, kilomita 62 zuwa 74, ƙananan rassa na karyewa. Ƙa'idar da na ɗaukar wa kaina ita ce, da na ga bishiya gaba ɗaya na rangaji, in sauko in rufe tanti in shiga mota. In kuwa da walƙiya da tsawa, ba na jiran bishiya ma. Cikin mota mai rufin ƙarfe, gilasai a rufe, ya fi tamfol a saman mota aminci nesa ba kusa ba.

Ga masu neman aikin kammalawa

Oga ya sayi bakin kada daga waje, kuɗin da aka kashe kuwa ba a magana. Da na dube shi da kyau, ban ga abin da ya gagari bitar makarantarmu ba: firam na alminiyam, shokozoba biyu, tamfol, katifa, tsani. Muna da masu walda, kuma a kasuwa akwai masu ɗinkin tamfol na manyan motoci. Abin da ya rage shi ne mai lissafi, wanda zai auna turin iska ya fitar da kaurin ƙarfe da girman kusa. 'Yan HND, ga batu nan a ƙasa.

Ga kuma aikin gida ga kowa. Ka auna allon talla ko rumfar kwano mafi kusa da hostal ɗinku, ka lissafa turin da zai sha in iska ta kai mita 20 a daƙiƙa, sannan ka je ka dubi abin da aka ɗaure shi da shi. In abin da ka gani bai kwanta maka ba, ka sanar da ofishin ƙungiyar ɗalibai tun kafin hadarin farko ya haɗo.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya kai mu daji lafiya Ya dawo da mu lafiya.