Mai Kyautar Muke Nema, Ko Kyautar?

Wannan nazari na shirya shi ne domin Kiristocin da ke cikinmu, amma duk wanda ya karanta ina fata ya tsinci abin amfani. Tambayar guda ɗaya ce: in da Allah zai ba ka duk abin da ya alkawarta, amma shi kansa ya janye daga gare ka, za ka karɓa?

Kada ka yi saurin cewa a'a, domin an taɓa yi wa wani wannan tayin. Buɗe Fitowa 33:1-17. Bayan Isra'ilawa sun yi sujada ga ɗan maraƙin zinariya, Ubangiji ya gaya wa Musa su kama hanya zuwa ƙasar da ya rantse zai ba zuriyar Ibrahim, Ishaku da Yakubu. Zai aiko mala'ika a gabansu, zai kori abokan gaba, ƙasa kuma mai albarka ce. Abu ɗaya ne babu: shi ba zai tafi tare da su ba. Ka ga alkawari bai ragu da komai ba. Amma Musa ya ƙi. Ya roƙa cewa in Ubangiji ba zai tafi da su ba, to kada ma ya ɗaga su daga wurin. Ya gwammace jeji tare da Allah da Kan'ana ba shi.

Ni ɗan Mai'adua ne, kuma a kasuwarmu ta Lahadi nake ganin fassarar wannan nassi. Akwai mai zuwa wurinka don ciniki: ya taya sa ko rago, a sallama, ya biya la'ada, sai wani makon. Akwai kuma wanda ko bai sayi komai ba sai ya zauna a rumfarka kun gaisa, ya tambayi iyali. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, hanyar Kwangwalam ta yi sanyi, huldar da ciniki kaɗai ya ƙulla ta tsinke. Dangin da ke tsallake a Nijar kuwa ba su daina zama dangi ba. To mu, a wane layi muke a gaban Allah, abokan ciniki ko 'ya'yan gida?

Yesu ya fuskanci wannan a Yahaya sura 6. Ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa 5 da kifi 2. Washegari taron ya bi shi har Kafarnahum, sai ya faɗa musu a fili cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su. Da koyarwar ta yi nauyi, da yawa suka watse. Bitrus ya tsaya, domin shi ya gane babu wani wurin zuwa da ya fi nan. Haka Habakuk 3:17-18: annabin ya lissafa gona ba amfani, garke ba dabba, duk da haka ya ce zai yi murna da Allahnsa. Wanda ya taɓa ganin damina ta yanke a ƙasar Daura gero bai nuna ba, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A fahimce ni, ba cewa nake roƙo laifi ne ba. Yesu da kansa ya koya mana roƙon abincin yini. Roƙi kuɗin makaranta, roƙi sakamako mai kyau, roƙi aiki bayan bautar ƙasa. Matsalar tana zuwa ne sa'ad da alkawarin ya zama shi ne igiyar da ta ɗaure mu. Ai mun sani, makon jarrabawa ɗakin zumunta ba masaka tsinke, da an manna sakamako sai kujeru. Ɗalibin da ya yi azumi ya kuma faɗi kwas, in ciniki ya kawo shi, cewa zai yi an cuce shi, ya ɗauke ƙafa. In kuwa zumunci ne, zai koma ya yi kukansa a gaban wanda ya sani, ya tashi ya sake riƙe littafi.

Ga abu uku da nake ba mu shawara mu gwada a wannan zangon. Na ɗaya, ware minti 10 kowace safiya na addu'ar da babu roƙo a cikinta, godiya da yabo kawai. Na biyu, karanta Zabura 27 da 73 a hankali, ka lura da abin da marubutan suka ɗora sama da komai. Na uku, ranar da aka fitar da sakamako, ko ya yi daɗi ko bai yi ba, je zumunta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take.

Tambayar tattaunawa a ƙungiyoyinmu: wace addu'a ce in ba a amsa maka ita ba kake jin za ka daina zuwa sujada? Faɗa wa Ubangiji amsar da gaskiya, sannan ka roƙi abin da Musa ya roƙa. Ubangiji ya tafi tare da mu. Amin.